Macpherson: Sunan zuri'ar Sikotlan da ya shiga tarihin siyasar Najeriya

Macpherson sunan wata zuri'a ce daga Badenoch, a tsaunukan Sikotlan. A harshen Gelik yana nufin "ɗan limamin coci".

Wanda Najeriya ta fi sani shi ne Sir John Macpherson, wanda ya zama gwamnan ƙasar a 1948. Tsarin mulkin 1951 sunansa ya ɗauka. Kafin a rubuta shi an nemi ra'ayin jama'a tun daga ƙauyuka har larduna, aka kammala da babban taron Ibadan a 1950, inda wakilan Arewa suka dage sai an ba yankinsu rabin kujerun majalisar tsakiya, kuma aka ba shi. Tsarin bai yi ƙarko ba. Ƙudurin Anthony Enahoro na 1953, mai neman mulkin kai a 1956, ya raba kan Kudu da Arewa, aka yi tarzoma a Kano a watan Mayu, sannan tsarin Lyttelton ya maye gurbinsa a 1954.

A Birtaniya kuwa, sunan ya fi tuna wa mutane alƙali Sir William Macpherson, wanda ya shugabanci zuri'ar har zuwa 2021. Rahotonsa na 1999 kan kisan Stephen Lawrence, matashi baƙar fata da aka kashe a Landan a 1993, ya bayyana cewa wariyar launin fata ta yi katutu a tsarin 'yan sandan birnin.

Akwai kuma James Macpherson, marubucin ƙarni na 18, wanda aka zarga da ƙirƙiro yawancin waƙoƙin Ossian da ya ce fassara ce.