Damben zamani: yadda ake gwada zakarun jiya da na yau

A fadar matasa, daga Tasawa har Mayahi, ba a rasa gardamar cewa da Dick Tiger ya gamu da Marvin Hagler ko Gennady Golovkin, wa zai kwashi kashinsa a hannu. Dukansu 'yan ajin matsakaicin nauyi ne, wanda iyakarsa kilo 72 da rabi.

Dick Tiger ɗan Najeriya ya ci kambun duniya a 1962 a hannun Gene Fullmer, ya sake doke shi a Ibadan a 1963. Hagler na Amurka ya riƙe kambun daga 1980 zuwa 1987, ya kare shi sau 12.

Kafin a yanke hukunci, sai an daidaita doka. A zamanin Tiger turmi 15 ake yi a wasan kambu. Bayan rasuwar Kim Duk-koo a 1982 aka fara rage shi zuwa 12. Sannan a da ranar wasa ake hawa sikeli, yanzu kuwa tun jajibiri, don haka ɗan damben yau yakan shiga fage ya fi nauyin da aka auna.

Sai kuma salo. Tiger ya fi ƙarfi kan mai tunkararsa gaba da gaba, irin Fullmer. Joey Giardello, mai zillewa, ya ƙwace masa kambun a ƙarshen 1963. Ke nan Golovkin, mai matsowa kullum, zai fi yi masa daɗin karawa a kan Hagler, bahagon da ke sauya hannu a tsakiyar wasa.