Tsirkiya Mai Magana: Daga Gogen Tsibiri Zuwa Gitar Zamani

A cikin kiɗan rok akwai lokacin da mawaƙi kan yi shiru, ya bar wa gita fili ita kaɗai. Makaɗan zamani suna kiran wannan gurbi solo, kuma a nan ne ake gane gwani. Matasa masu koyo sukan ɗauka cewa gwanintar a saurin yatsu take. Amma tarihin wannan kiɗa, da na kayan kiɗan ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi, ya nuna cewa solo ba ya ratsa zuciya sai tsirkiya ta yi magana.

Rok ya fito ne a Amurka cikin shekarun 1950, kuma tushensa bulus ne, wato waƙar jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka. A bulus mawaƙi kan rera layi, sai gita ta karɓa masa, kamar yadda ƴan amshi ke karɓa wa makaɗin fada. B.B. King ya yi suna wajen tura tsirkiya da yatsa har sautinta ya ɗaga kamar muryar mai kuka, sannan ya girgiza ta don sautin ya daɗe bai mutu ba. Jimi Hendrix, wanda ya rasu a 1970 yana da shekara 27, ya haɗa wannan dabara da ƙarfin lantarki. A taron Woodstock na 1969 ya kaɗa taken ƙasar Amurka da gita ba tare da ya furta kalma ba, mutane da dama kuwa suka ji rugugin yaƙin Biyetnam a cikinsa. Mafi yawan irin wannan solo a kan matakan sauti biyar ake gina shi, waɗanda kunnen mutumin Sahel ya daɗe da sabawa da su.

Sa tsirkiya magana ba baƙon abu ba ne a kwarin Gulbin Maraɗi. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri daf da Maraɗi, inda sarakunan Katsina suka riga suka zauna. Gobirawa sun zo da sarautunsu, har da ta Inna, mai shugabantar ƴan bori, sun kuma zo da makaɗansu. A wasan bori kowane ɗaya daga cikin iskoki yana da takensa, mai goge ko mai garaya ne ke kaɗa shi. Goge ba komai ba ne illa ƙwarya da fata da tsirkiya ɗaya ta izgar doki, duk da haka ƴan kallo sukan gane wanda ake kira tun kafin mawaƙi ya buɗe baki. Sirrin yana cikin karin sautin Hausa. Kowace gaɓa tana da sautin sama, ko na ƙasa, ko faɗau, ga kuma tsawon wasali. Idan makaɗi ya bi hawa da saukar kirari daidai, mai sauraro zai ji kalmomin a tsirkiya.

Wannan sana'a tana da ƙa'idoji. Take gajere ne, wanda za a iya riƙewa a ka. Ana maimaita shi, ana ɗan sauya shi kowane zagaye. Makaɗi kan bar sarari tsakanin jimla da jimla, kamar mai numfashi. Yakan fara a sanyaye, sai fili ya ɗauki zafi sannan ya matsa hannu. Waɗannan su ne ƙa'idojin da malaman gita ke koya wa mai son shirya solo mai daɗin ji.

A Nijar, waɗanda suka yi fice wajen ɗora salon tsirkiyar gida a kan gita Abzinawa ne. Farin shekarun 1970 da 1980 ya tura matasansu zuwa Aljeriya da Libiya, a can suka ɗauki gita. Lokacin tawayen 1990 zuwa 1995, kaset-kaset ɗin Abdallah Oumbadougou sun yi ta yawo hannu da hannu. Bombino, wanda aka haifa a 1980, ya koyi abubuwa da yawa ta kallon bidiyon Hendrix da Mark Knopfler, amma bai bar kiɗan Agadas ba. Faifansa Deran na 2018 ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa cikin takarar kyautar Grammy. Shi kuwa Mdou Moctar, da katako da wayar birkin keke ya haɗa gitarsa ta farko. A Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, cikin salon waƙoƙin fim ɗin Hausa, waƙoƙin suka bazu daga salula zuwa salula. Faifansa Afrique Victime na 2021 ya sa masu sharhi a Turai da Amurka suka jera shi cikin manyan makaɗan gita na zamaninsa.

Ɓangaren Hausa ma bai zauna haka nan ba. A 1987 aka kafa gasar Ɗan Gurmu don ƙarfafa kiɗan zamani na ƙasa. Malam Maman Barka, malamin makaranta da ya rasu a 2018, ya kai gurmi gaban ƴan kallo na ƙasashen waje. Ƙungiyar Tal National ta Yamai tana rera Hausa da Zabarmanci da wasu harsunan ƙasa a kan gita mai kaifi. Sai dai tun ƙarshen shekarun 1990 fiyanon situdiyo ya mamaye waƙar Hausa, ta hanyar fina-finan Kano, ya rage wa masu tsirkiya kasuwa a wuraren biki.

A nan ne aiki ya rataya a wuyan malamai da ƙungiyoyin al'adu. Take ba a rubuce yake ba, a yatsun tsofaffin makaɗa yake, kuma duk wanda ya rasu a cikinsu yakan tafi da nasa. Ya kamata a bi masu goge da garaya da gurmi da suka rage a Tsibiri da Maraɗi da Jiratawa, a ɗauki kiɗansu, a rubuta kirarin da ke ƙarƙashin kowane take tare da karin sautinsa. Malamin Hausa zai sami darasin karin sauti da ya fi na allo armashi. Yaron da ke koyon gita kuwa, maimakon ya ƙare a kwaikwayon Hendrix, zai sami jimlolin gidansu da zai ɗora a kan tsirkiya shida.