Malami Mai Cin Batir: Tarihin Na'urorin Koyo na Yara

A shekarar 1976 kamfanin Texas Instruments na Amurka, wanda ya yi suna wajen ƙera kalkuleta, ya fito da wata 'yar na'ura da aka zana wa fuskar dattijo mai gashin baki da tabarau, aka raɗa mata suna Little Professor. Kalkuleta ce da aka juya wa aiki. Maimakon mutum ya ba ta lissafi ta ba shi amsa, ita ce ke jefo wa yaro tambaya, bakwai a tara da biyar nawa ke nan, sannan ta jira ya danna. In ya kuskure sai ta nuna masa EEE ta sake ba shi dama, in ya ci gaba da kuskurewa ta bayyana amsar ta wuce gaba. Kuɗinta bai kai dala 20 ba, iyaye kuwa suka yi ta rububinta. Daga wannan dattijon roba zuwa na'urori masu launi da waƙa da ake shafawa da yatsa an shafe shekara kusan arba'in, kuma wanda ya dubi jikinsu zai ce an yi tafiya mai nisa. Ni a ganina jikin ne ya yi tafiyar, darasin yana nan inda yake tun farko: a yi tambaya, a karɓi amsa, a ce daidai ne ko kuskure ne, a ba da lada. Dalilan da suka daskarar da darasin biyu ne, kuma sun haɗe da juna. Na'ura ba ta iya koyar da abin da ba za ta iya ba shi maki ba, sannan wanda ke zaro kuɗi daga aljihu ba shi ne wanda ke wasa da ita ba.

Tunanin ma ya girmi batir da silikon. Tun a shekarun 1920 wani masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Jihar Ohio, Sidney Pressey, ya harhaɗa wani inji mai madannai huɗu da ke nuna tambaya, ba ya matsawa gaba sai ɗalibi ya dace da amsa, har da wani sashe da ke sakin alewa in an kai wani adadi. Kasuwa ba ta karɓe shi ba. Sai a 1953 B. F. Skinner na Jami'ar Harvard, wanda ya daɗe yana horar da ɓeraye da tantabaru ta hanyar lada, ya ziyarci ajin lissafi na 'yarsa ya ga abin da ya dame shi: wasu yara sun gama suna zaman kashe wando, wasu sun maƙale, kuma duk sai sun jira kafin su san ko sun yi daidai. Maganin da ya kawo shi ne a gutsuttsura ilimi ƙanana ƙanana, yaro ya amsa, a sanar da shi sakamako nan take, kowa ya tafi da saurinsa. Injunan koyarwa irin nasa sun yi tashe a farkon shekarun 1960 sannan suka dusashe a makarantu. Abin da malaman aji suka ajiye shi ne masu kayan wasa suka tsinta bayan lantarki ya yi araha, kuma Little Professor, in an cire gashin bakin, injin Skinner ne da ya shiga aljihu.

Wadda ta fi cancantar a tsaya a kanta ita ce Speak & Spell, wadda Texas Instruments ya nuna wa duniya a 1978. Injiniyoyi huɗu ne suka jagoranci aikin, Paul Breedlove da Gene Frantz da Richard Wiggins da Larry Brantingham, kuma sun faro shi ne da dala 25,000 kacal. Abin da suka cimma ba ƙarami ba ne. Kafin su, duk abin wasan da ke magana faifai ko kaset ne ke juyawa a cikinsa. Su kuwa suka sa ɗan guntun silikon guda yana kwaikwayon yadda maƙogwaro da baki ke sarrafa sauti, ya ƙera murya daga lambobin da aka adana, babu abin da ke motsi. Muryar ta fito a shaƙe, amma murya ce. Na'urar ta shahara har ta fito a fim ɗin E.T. na 1982, aka yi ta da Faransanci da Italiyanci, aka yi mata ƙanne na karatu da na lissafi a 1980. To amma me aka sa wannan abin al'ajabi yake yi? Shifta. Ta faɗi kalma, yaro ya danna haruffanta, ta ce ya dace ko bai dace ba. An zaɓi wannan darasi ne domin shi ya dace da ƙarfin injin: kalma ɗai ɗai gajeriya ce, ba ta cin wuri a ƙwaƙwalwar na'ura, kuma amsarta ɗaya ce tak. Akwai ma wani abin lura. Na'urar magani ce ga wata cuta ta Ingilishi, harshen da furucinsa da rubutunsa suka raba gari tun ƙarnoni, har yaro ke shekaru yana haddace yadda ake rubuta kalmomin da ya riga ya sani. Yaron da ke koyon boko da Hausa, inda harafi da sauti ke tafiya kusan kafaɗa da kafaɗa, da wuya ya buƙaci irin wannan dogon horo.

Sai batun mai saye. Yaro ɗan shekara biyar ba ya riƙe da kuɗi, don haka duk tallan da ke jikin kwalin uwarsa ake yi wa. Bayan Nintendo ya fito da Game Boy a 1989, iyaye a Amurka suka wayi gari yaransu sun duƙufa kan wani ɗan gilashi, sannan a 1993 Majalisar Dattawan ƙasar ta zauna kan zubar da jini a wasannin bidiyo. Kasuwar na'urorin koyo ta tsaya ne daidai tsakanin kwaɗayin yaro da fargabar uwa. Kamfanin VTech na Hong Kong, wanda aka kafa a 1976, ya daɗe a harkar da ƙananan kwamfutocin wasa. LeapFrog kuwa wani lauya ne, Michael Wood, ya kafa shi a California a tsakiyar shekarun 1990, bayan ya ga ɗansa yana fama wajen haɗa harafi da sautinsa. Littafinsu mai magana, LeapPad, ya fito a 1999 ya zama abin wasan da aka fi saye a Amurka, a daidai lokacin da dokar ilimi ta shugaba George W. Bush ta 2002 ta sa jarrabawar karatu da lissafi ta zama ma'aunin kowace makarantar gwamnati. A 2003 suka fito da Leapster, mai kama da Game Boy, da sandar taɓa gilashi da kaset ɗin da ake sokawa, ɗauke da taurarin zanen talabijin irin su Dora da SpongeBob. VTech ya mayar da martani da V.Smile a 2004 da ƙaramarta ta aljihu bayan shekara guda. Yaro ya samu wasansa, uwa ta samu kwanciyar hankali, kamfani ya samu kuɗin kaset bayan kuɗin na'ura. Domin uwa ta gamsu cewa karatu ake yi, dole ta ga haruffa da lambobi da maki, don haka ko da injin ya samu ƙarfin yin wani abu dabam, kasuwa ba ta matsa masa ya yi ba. Sau da yawa wasan gudu ne da tsalle, sai a tare yaron da tambaya kafin a buɗe masa ƙofa.

Za a iya cewa, to mene ne laifin maimaici? Babu laifi. Jadawalin sau ba ya zama a ka sai da nanatawa, haka sunayen haruffa, kuma na'ura ba ta gajiya, ba ta tsawa, ba ta kunyata yaro gaban 'yan ajinsu. Wanda ya taɓa zama gaban malam ana biya masa allo ya san darajar maimaici, amma ya kuma san cewa malamin yana jin inda harshe ya karkace, yana gane ranar da yaro ya zo da yunwa, kuma wannan rabin aikin ne na'urar ba ta ɗauka ba. Bincike ya nuna cewa ga ƙananan yara rabin nan ne mafi nauyi. A 2003 Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington da abokan aikinta suka sa jarirai 'yan wata tara, 'ya'yan masu jin Ingilishi, suna zama da mai magana da Sinanci har sau goma sha biyu, suka koyi bambance sautukan harshen. Waɗanda aka nuna wa darasin ta bidiyo ba su koya ba. Daga baya Anna Sosa ta Jami'ar Arewacin Arizona ta naɗi muryoyin iyalai 26 masu jarirai 'yan wata 10 zuwa 16 suna wasa a gida, ta gano cewa in abin wasan na lantarki ne mai magana, iyaye suna rage tasu maganar idan aka kwatanta da lokacin littafi ko tubalan katako. Binciken ƙarami ne, kuma jarirai ya shafa, ba 'yan shekara shida da aka yi wa Leapster ba, wannan gaskiya ne. Sai dai kamfanonin da kansu suka riƙa gangarowa da kayansu har zuwa shimfiɗar jariri, kuma kasuwar ta taɓa shan kunya: a 2009 Disney ya amince ya mayar wa iyaye kuɗin faifan bidiyon Baby Einstein bayan matsin lamba kan iƙirarin cewa suna ilmantarwa.

Hujjar da ta fi ƙarfi wajen ƙalubalantar matsayina daga Afirka ta fito. A 2015 Nicola Pitchford ta Jami'ar Nottingham ta wallafa sakamakon gwajin da aka yi a wata firamare a Lilongwe ta ƙasar Malawi, inda yaran da suka yi aiki da manhajar lissafi ta ƙungiyar onebillion a kan kwamfutar hannu suka zarce takwarorinsu. A 2019 ƙungiyar ta raba wata kyautar gasa ta dala miliyan 10 da masu wata manhaja mai suna Kitkit School bayan dogon gwaji da Swahili a ƙauyukan yankin Tanga na Tanzaniya. Ba a musa wannan. Amma a duba sharuɗɗan: darasin na matakin farko ne, wanda ake iya ba shi maki, an yi shi da harshen da yaron ya tashi da shi, an jera shi bisa manhajar karatu, an kuma auna shi da hannun wasu da ba masu sayarwa ba, a wuraren da malami guda ke fama da aji maƙil ko kuma babu malamin sam. Wato na'ura tana aiki a cikin iyakar da na ambata, in an tsare ta da tsari. Inda aka raba inji aka yi fatan alheri, kamar rabon ƙananan kwamfutoci a makarantun karkarar Peru, binciken da aka fitar a 2012 bai ga ƙarin maki a lissafi ko harshe ba. Kayan kanti sun fi kama da na Peru, domin abin da ke auna su shi ne ciniki a watan Kirsimeti.

Saura hujja ta ƙarshe, cewa ko ba su koyar da yawa ba, aƙalla killataccen fili ne da babu baƙo a ciki. Haka ne muddin kaset ake sokawa. Da iPad ya fito a 2010, manhajojin yara suka cika kasuwa wasu kyauta wasu a kan dala ɗaya ko biyu, sai LeapFrog da VTech suka ruga suka yi nasu kwamfutocin hannu a 2011, LeapPad Explorer da InnoTab, kuma sannu a hankali suka jona kayansu da intanet domin a riƙa sauke wasanni. A watan Nuwamba na 2015 wani mai kutse ya shiga rumbun VTech ya kwashe bayanan yara sama da miliyan 6 da na iyaye kusan miliyan 5, ciki har da sunaye da ranakun haihuwa, har da hotuna da saƙonni. Hukumar kula da ciniki ta Amurka ta ci kamfanin tarar dala 650,000 a farkon 2018. A tsakanin kutsen da tarar, a 2016, VTech ɗin ne ya saye LeapFrog a kan dala miliyan 72 ko kusa da haka, kamfanin da a 2003 cinikinsa na shekara ya haura dala miliyan 600. Ba wani bincike ne ya karya kasuwar na'urar hannu ta yara ba, wayar da ke jakar uwa ce, wadda ke yin tambayar, ta jira amsar, ta watso taurari in an dace, ba tare da an sayi kaset ba.