Yadda Aka Mai da Ƙarar Lantarki Kuri'a

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar gyaran rediyo, a nan Dukku ko a kasuwar Kontagora, ya san wannan "shuuu" da ke fita idan allura ta faɗa tsakanin tasha da tasha. Mu masu gyara abin kora muka ɗauke shi. Wani ɓangarensa daga waje yake shigowa, wani kuwa a cikin rediyon ake haifarsa, domin zafi na sa ƙwayoyin lantarki kai-komo cikin rasisto ba bisa wani tsari ba. John Johnson ne ya auna hakan a ɗakin binciken Bell na Amurka, Harry Nyquist ya yi masa lissafi, suka wallafa a 1928.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masu lissafi suka matsu da lambobin da ba wanda zai iya hasashensu, kamar kuri'ar adashi da ba a so kowa ya san wanda za ta faɗa wa. A 1947 masu binciken cibiyar RAND suka haɗa na'urar fitar da irin waɗannan lambobi, a 1955 suka buga miliyan ɗaya a littafi guda. Ingila kuma ta kunna na'urar ERNIE a 1957, aikin su Tommy Flowers, tana zaɓen masu cin kyautar takardun ajiyar gwamnati daga ƙarar fitilun niyon.

Samun ƙarar bai taɓa zama abin wahala ba. Wahalar tana wajen riƙe ta a tsakiya. Ƙarar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, sai an ƙara mata ƙarfi sau dubbai, sannan a shata layi: abin da ya haura a kira shi 1, wanda ya gaza a kira shi 0. To amma transisto ba ya zama inda aka ajiye shi. Na silikon, ƙarfin wutar da ke buɗe shi yakan ragu da kusan milibolt 2 duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. A tuna sanyin asubar hunturu da azahar ɗin Afrilu a garin nan. Da zarar mazaunin transiston ya gusa, sai 1 ya riƙa rinjayar 0, ido kuma ba zai gani ba. Na'urar RAND ma ta karkata, sai da aka sake cakuɗa lambobinta da lissafi kafin a buga.

A 1951 John von Neumann ya kawo dabara: a ɗauki lambobi bibbiyu, 01 ya zama 0, 10 ya zama 1, a zubar da 00 da 11. Tana aiki, sai dai aƙalla kashi uku cikin huɗu na lambobin ke tafiya a banza. Ni dai na fi girmama maganin da ke zuwa tushen ciwon, irin wanda Harold Black ya gano a 1927: a ɗebi kaɗan daga abin da ya fita a mayar ciki, ya ja na'urar baya duk sanda ta fara gusawa. Rasiston nan da muke ɗaura wa ƙafar transisto don kada zafi ya kwashe shi, aikinsa ke nan.

Kamfanin Intel ya bi wannan hanya a 2012. Ya sa wata 'yar da'ira cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta da ke faɗawa 1 ko 0 gwargwadon ƙarar zafi, ya haɗa ta da kafasito biyu masu tura ta ɗaya gefen duk lokacin da ta fara son gefe guda. Daga irin waɗannan lambobi ake ƙera makullan sirrin da ke tsare kuɗin mai tura wa ɗansa kuɗin makaranta ta waya.