Yadda ma'aikatan jin daɗin jama'a na Niyok suka kafa ƙungiyar ƙwadago

Kafin karyewar tattalin arzikin Amurka a 1929, ma'aikacin jin daɗin jama'a ba ya ɗaukar kansa ɗan ƙwadago. Gani yake aikinsa na taimako ne, kuma abin kunya ne mai taimakon mabuƙata ya tsaya cinikin albashi. Da fatara ta mamaye gari, hukumar birnin Niyok ta ɗebi dubban matasa aikin rabon tallafi, a kan albashin da bai taka kara ya karya ba. Ma'aikaci kan wuni yana hawa da sauka a benayen unguwannin talakawa, yana rubuta yawan 'ya'ya da bashin haya, alhali shi ma ana binsa kuɗin haya.

Daga zaman tattaunawa bayan tashi daga aiki tafiyar kafa ƙungiya ta faro. A 1934 suka fara buga mujallar Social Work Today, Jacob Fisher na editanta. A shekarar ce Mary van Kleeck ta tsaya gaban babban taronsu a Kansas City, ta ja hankalinsu su haɗa kai da 'yan ƙwadago. Ƙungiyoyin da suka kafa suka shiga inuwar tarayyar ƙwadago ta CIO, amma a 1950 aka kore su bisa zargin kwaminisanci, tafiyar ta yi sanyi.

Wutar ta sake ruruwa a Janairun 1965. Ma'aikata kimanin 8,000 na ƙungiyar SSEU da reshe na 371 na ƙungiyar ƙwadago ta AFSCME suka tsunduma yajin aiki cikin tsananin hunturu, duk da dokar Condon-Wadlin ta tanadi kora ga duk ma'aikacin gwamnatin da ya yi yaji. Aka kulle shugabanninsu 19, ba su janye ba sai bayan kwana 28. Abin da ya fi burge ni shi ne, ba su tsaya kan albashi kaɗai ba. Sun dage a taƙaita iyalan da ke wuyan kowane ma'aikaci zuwa 60, a kuma sauƙaƙa wa masu karɓar tallafi samun kuɗin sutura. Ai wanda aka ɗora wa gidaje fiye da ƙima ba zai san halin da yaran ciki suke kwana ba.

A 1967 dokar Taylor ta maye gurbin tsohuwar, ta amince wa ma'aikatan gwamnati su yi cinikin albashi a ƙungiyance, ko da yake haramcin yaji na nan. A 1969 ƙungiyoyin biyu suka dunƙule ƙarƙashin AFSCME, kuma har yau suna wakiltar ma'aikatan birnin.