Abin da ke sa matacin yashi ya tace ruwa, da abin da ke hana shi

A watan Yulin 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin samar da ruwan sha daga madatsar Zobe, wadda ke kan kogin Karaduwa a ƙaramar hukumar Dutsin-Ma. An kammala ginin madatsar tun 1983. Sai dai tara ruwa daban, mayar da shi abin sha daban. A tsakanin biyun akwai matacin yashi, wanda ba kasafai ake ambatonsa a jawaban ƙaddamarwa ba.

Matacin shimfiɗar yashi ne bisa tsakuwa, ruwa ya ratsa ta, datti ya maƙale. Iri biyu ne. A mai tafiyar hawainiya ruwa ba ya wuce santimita 10 zuwa 30 a awa, kuma wani gansakuka mai rai da ke tsirowa a saman yashin shi ke cinye ƙwayoyin cuta. Da irinsa garin Altona na Jamus ya samu sauƙin annobar kwalara ta 1892, alhali maƙwabciyarsa Hamburg, mai shan kogi ɗaya ba tacewa, ta yi asarar dubban rayuka. Mai sauri kuwa, wanda manyan matatu suka fi amfani da shi, yana wuce da mita 5 zuwa sama a awa.

Saurin nan yana da sharaɗi. Da damina ruwan da ke gangarowa daga gonaki yakan zo jawur da laka, kuma ƙwayoyin lakar sun fi ramukan yashi ƙanƙanta. Dole a fara zuba alif daidai gwargwado, lakar ta dunƙule ta kwanta, sannan ruwan ya isa mataci. In alif ya yi kaɗan, laka ta ratsa yashin. In ruwan ya zo da laka fiye da kima, matacin ya toshe cikin 'yan awoyi. Girman yashin ma ba na wasa ba ne: mai laushi ya toshe da wuri, mai gautsi ya bar datti ya wuce. Shi ya sa ba kowane yashin rafi ake ɗebowa a zuba ba.

Sai wanki. Kusan kullum ake tura ruwa da ƙarfi daga ƙasa zuwa sama don a kori dattin da ya taru, aikin da ke buƙatar famfo, famfo kuma na buƙatar lantarki ko dizal. A nan, a ganina, maganar ta bar hannun injiniya ta koma ta kasafin kuɗi. Matacin da ba a wanke a kan kari lakarsa takan cure, yashin ya tsattsage, ruwa ya bi ta tsagar ba tare da an tace shi ba.

Kulorin da ake zubawa daga ƙarshe ba ya gyara wannan ɓarna, domin ƙwayoyin cuta na fakewa cikin laka. Ƙa'idar ruwan sha ta Najeriya ta kayyade dishi-dishin ruwa kada ya haura 5 a ma'aunin NTU, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta fi son ya gaza 1 kafin a sa kulorin. Wannan lamba ce mazaunin Dutsin-Ma ko Kurfi zai iya neman hukumar ruwa ta jiha ta nuna masa, musamman ta watan Agusta.