Tarihin Binciken Ian McDonald a Kan Cutar Tabon Jijiya da Hoton Ƙwaƙwalwa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin binciken Farfesa William Ian McDonald (1933-2006), likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, a kan cutar da likitoci suke taƙaita sunanta da MS. A nan za a kira ta cutar tabon jijiya, saboda tabbai masu tauri da take bari nan da can a cikin ƙwaƙwalwa da laka. Za a nuna cewa aikin nasa na shekara arba'in ya ginu ne a kan tambaya guda, wato yaya za a gano tabon da ke ɓoye a jikin mutum tun yana raye.

2.0 Yanayin Cutar da Matsalar Gano Ta

Zaren jijiya yana da riga mai maiƙo da ake kira mayalin, kwatankwacin robar da ke lulluɓe da wayar lantarki. A wannan cuta garkuwar jiki ce take juyowa ta afka wa rigar, sai saƙon da jijiya ke ɗauka ya yi jinkiri ko ya tsaya cik. Daga nan ne ake samun dusashewar gani, ko mutuwar ƙafa, ko tangaɗi wajen tafiya. Ta fi kama 'yan shekara 20 zuwa 40, kuma ta fi yawa ga mata. Ƙididdigar shekarar 2020 ta nuna kimanin mutum miliyan 2.8 ne ke fama da ita a duniya.

Likitan Faransa Jean-Martin Charcot shi ne ya siffanta ta filla-filla a 1868, ta hanyar haɗa alamomin da ya gani ga majiyyata da tabban da ya tarar bayan mutuwarsu. Kusan shekara ɗari bayan haka, hujjar likita ba ta wuce labarin majiyyaci da gwajin hannu ba. Ƙa'idojin Schumacher na 1965 sun buƙaci a tabbatar cewa cutar ta taɓa wuri fiye da ɗaya, a lokaci fiye da ɗaya. Ke nan wanda ta taso wa sau ɗaya sai ya zauna jiran tasowa ta biyu, wani lokaci shekara da shekaru, kafin a sanya wa ciwonsa suna.

3.0 Matakin Farko: Aikin Jijiya

An haifi McDonald a birnin Wellington na ƙasar Niyu Zilan, ya kuma karanta likitanci a Jami'ar Otago. A can ne ya fara gwaji da dafin ƙwayar cutar mashaƙo, wanda ke zare wa jijiya riga ba tare da ya tsinke zaren ba. A 1963 ya koma Landan, asibitin jijiyoyi na Queen Square, inda ya zama farfesa a 1974.

Shi da Tom Sears suka nuna, a 1969 da 1970, abin da ke faruwa a lakar kyanwa idan rigar ta zaizaye: babban tabo yakan datse saƙo gaba ɗaya, ƙarami kuwa yakan rage masa gudu. A 1979 kuma, tare da Kenneth Smith da William Blakemore, ya tabbatar da cewa idan sabuwar riga ta tsiro, saƙo yakan ci gaba da wucewa. Wannan ya ba da wani sashe na amsar abin da ya daɗe yana ɗaure wa likitoci kai, wato dalilin da ya sa alamomin cutar kan zo su tafi.

4.0 Mataki na Biyu: Gwajin Ido

Idan har tabo yana jinkirta saƙo, ashe ana iya auna jinkirin a jikin ɗan Adam. Wannan tunani ne McDonald da Martin Halliday da Joan Mushin suka jarraba a 1972. Majiyyaci zai zuba ido ga allo mai gidaje baƙaƙe da farare masu musanya wuri, a kuma manna masa wayoyi a ƙeya. Ga lafiyayye, saƙon yakan isa ƙwaƙwalwa cikin kimanin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Ga wanda jijiyar idonsa ta taɓa kumbura kuwa, sai ya makara, ko da ganinsa ya riga ya dawo sarai. Ta haka aka sami hanyar tono tabon da mai shi ma bai san da shi ba, ba tare da an tsaga jiki ba.

5.0 Mataki na Uku: Hoton Maganaɗisu

A 1981 Ian Young da abokan aikinsa suka ɗauki hoton majiyyata goma a asibitin Hammersmith da sabuwar na'ura mai aiki da maganaɗisu, wato MRI. Na'urar CT ta nuna tabo 19. Sabuwar ta nuna waɗannan duka, ta ƙara da wasu 112. McDonald bai yi wata-wata ba. A 1984, da tallafin ƙungiyar masu fama da cutar ta Birtaniya, ya kafa sashen binciken MRI a Queen Square, wanda daga bisani ɗan ƙasarsu David Miller ya jagoranta.

Da aka riƙa ɗaukar hoton majiyyata a kai a kai, tare da allurar sinadarin gadoliniyam mai haska sabon kumburi, sai aka gano cewa sababbin tabbai suna ɓulla ninki biyar zuwa goma na yawan tasowar da majiyyaci ke ji. Wato cutar tana ci ko a lokacin da mai ita ke zaton ta lafa. Amfanin wannan ya fito fili a 1993, sa'ad da aka amince da maganin intafiron beta a Amurka, domin hotunan MRI suna cikin hujjojin da suka nuna tasirinsa.

6.0 Ƙa'idojin McDonald

Da zarar an sami magani, jiran tasowa ta biyu ya zama asara. A shekarar 2000 wani kwamitin masana na duniya ya zauna a Landan ƙarƙashin shugabancin McDonald, aka buga sakamakonsa a 2001. Kwamitin ya riƙe tsohon sharaɗin nan na bambancin wuri da na lokaci, amma ya yarda sabon tabon da hoto ya nuna bayan wata uku ya tsaya a madadin tasowa ta biyu. An sake duba ƙa'idojin a 2005 da 2010 da 2017 da 2024, kuma har yanzu sunansa suke ɗauke da shi.

Sai dai kwamitin ya gindaya sharaɗi mai nauyi: ba a yanke hukunci sai an tabbatar babu wani bayanin da ya fi dacewa da alamomin. Fararen ɗigo a hoto suna iya fitowa daga hawan jini ko tsufa ko wata cutar daban. Misali, a 2004 aka gano alamar jini da ta ware wata cutar jijiyar ido da laka wadda a da ake kallonta a matsayin reshen tabon jijiya. Wannan cuta ta fi yawa ga Baƙar fata da mutanen gabashin Asiya, kuma intafiron yana iya tsananta ta. An gina ƙa'idojin ne a kan majiyyatan Turai da Arewacin Amurka. Saboda haka likitan Afirka, inda ba kasafai ake ganin cutar ba kuma na'urar ta yi ƙaranci, shi ya fi kowa bukatar kiyaye wannan sharaɗi.

7.0 Kammalawa

An ga yadda McDonald ya tashi daga lakar dabba zuwa jijiyar ido, daga nan zuwa hoton ƙwaƙwalwa, kowane mataki yana dogaro da na bayansa. A ƙarshen rayuwarsa wani ƙaramin bugun jini ya raba shi da iya karanta rubutun kiɗa, alhali gwanin fiyano ne. Ya nazarci larurar tasa da yadda ya farfaɗo, ya buga bayanin a 2006 a mujallar Brain, wadda ya taɓa zama editanta daga 1991 zuwa 1997. Ya rasu a watan Disamba na wannan shekarar. Gadon da ya bari shi ne taƙaita jiran majiyyaci, tare da gargaɗin cewa hoto shaida ne kawai, hukunci yana hannun likitan da ya saurari mai ciwo ya kuma duba shi.